Koren dutsen da aka kawo maka daga Gwantu: zumurrudu ne, akwa ne, ko beril ne kawai?

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta tambayarka, kace wani abokin harkarka ya kawo maka koren dutse daga wajen Gwantu, dogo kamar ɗan yatsa mai gefe shida, shi mai dutsen yace zumurrudu ne, wani yace a'a akwa ne, wani dillali kuma ya juya shi ya juya yace beril ne kawai ba wani kuɗi a ciki, kai kuma kana so ka san waye mai gaskiya kafin ka zuba jarinka, sannan ka ƙara da tambayar me ake nufi da siliket da kake ji ana faɗa. Toh bari in baka amsa a tsanake, don wannan aikin shi na karanta kuma shi nayi shekaru ina yi a daji kafin gwiwa ta zaunar dani a Kaduna.

Abin da zai baka mamaki shine zai iya yiwuwa duk su ukun suna kan hanya ɗaya basu sani ba. Zumurrudu da akwa da beril ai uwa ɗaya uba ɗaya suke, ma'adini ɗaya ne, sunansa na asali beril, launi ne kawai ya raba musu suna kuma kasuwa ta raba musu farashi. In kore ne shar ace zumurrudu, in shuɗi ne garai-garai kamar ruwa ace akwamarin wanda 'yan haƙo suka gajarce suke cewa akwa, in ruwan ɗorawa ne ace heliyodo, in ruwan hoda ne ace moganait, in kuma fari ne tas ba launi ace goshenait. In ka niƙe su duka ka kai lab abu ɗaya zasu baka, beriliyam 3, aluminiyam 2, silikon 6, oksijin 18. Wannan lissafin shine dutsen, saura duk kwalliya ce. Amma kafin mu je can sai mun tabbatar ma beril ɗin ne a hannunka, don kama da wane bata wane, kuma a harkar nan masu kama da shi suna da yawa.

Bari in fara da siliket ɗin tunda shine tushe. Ƙasar nan da muke takawa, in ka auna ɓawonta na sama, kusan kashi 46 cikin ɗari na nauyinta oksijin ne, kusan kashi 28 kuma silikon ne, wato su biyun nan kaɗai sun cinye wajen kashi uku cikin huɗu. To duk ma'adinin da aka gina shi da haɗin silikon da oksijin shi ake cewa siliket, kuma su ne wajen kashi 90 cikin ɗari na ɓawon ƙasa. Yashin kogin Kaduna da tifa ke ɗiba siliket ne, dutsen da ake fasawa a kwari ana zuba dakin siliket ne, yumɓun da ake gina tukunya siliket ne, farar ƙasa siliket ce. Don haka in wani yace maka dutsenka siliket ne bai faɗa maka komai ba tukuna, kamar ace maka mutumin da kake nema ɗan Arewa ne.

Abin da ya raba su gida-gida shine yadda tubalin ginin ya jeru. Tubalin kuwa iri ɗaya ne a dukkansu, kuma in kana son ganinsa da ido ka tsaya gaban mai tumatir a kasuwar Kawo ka dubi yadda yake kasa kashi, uku a ƙasa ɗaya a bisansu. To ka ɗauka tumatir huɗun nan oksijin ne, sai ka cusa ɗan ƙaramin tsakuwa a ramin da ke tsakiyarsu, shine silikon. Shikenan tubalin, silikon 1 oksijin 4. Yanzu sai tambaya, kowane kashi zaman kansa yake ko yana raba tumatir da maƙwabcinsa? In kowane kashi zaman kansa yake, wasu ƙarafa ne kawai ke riƙe su, wannan gidan ana ce masa nesosiliket, a nan ganet yake da zakon irin wanda ake samu a wankin kuza a Jos, da tofaz da olibin. In biyu-biyu suka haɗa kai suka raba oksijin ɗaya sorosiliket kenan, gidan su efidot da tanzanait na ƙasar Tanzaniya. In suka jeru kamar sarƙa doguwa inosiliket, a nan sufodumin yake, ɗaya daga duwatsun litiyam ɗin nan da suka hana mutane barci a Nasarawa da Kaduna a 'yan shekarun nan. In suka shimfiɗu kamar tabarma filosiliket, shi yasa maika take ɓarewa falle-falle kamar takarda, kuma farar ƙasa da lefidolait mai ruwan hoda-hoda ɗin nan duk 'yan wannan gidan ne. In kuma suka kama juna ta ko'ina, sama da ƙasa da gefe, ba oksijin ɗaya da ba'a raba ba, tektosiliket kenan, gidan kwaz, farin dutsen nan mai kama da gilashi, da felsfa, waɗanda su suka fi kowa yawa.

Na tsallake gida ɗaya da gangan don shine namu. Akwai inda tubalan ke riƙe hannun juna su zagaye su rufe kamar 'yan mata a dandalin gaɗa, shine saiklosiliket, ni dai ina ce masa gidan zobe. Beril ɗan gidan zobe ne, tomalin ma haka. A beril tubali 6 ne ke yin zobe ɗaya, shi yasa ka ga silikon 6 da oksijin 18 a lissafin can, kowane tubali ya bada oksijin biyu an raba da na dama da na hagu sai ya zama silikon 1 na da oksijin 3 maimakon 4. Kuma gefe shidan nan da ka gani a dutsenka ba wani ne ya feƙe shi ba, zoben nan mai tubali shida ne da ido baya gani ya maimaita kansa sau biliyoyi har ya fito fili a siffar da kake riƙewa a hannu. Wannan abin har yau in na tuna sai ince Allah mai iko, ginin ciki ne ke bayyana a waje.

Zobban nan kuma ba a warwatse suke ba, a jere suke ɗaya kan ɗaya kamar yadda ake jera rin na siminti a rijiya, beriliyam da aluminiyam su ne simintin da ke ɗaure wannan jerin da na kusa da shi. To kaga in ka jera rin ai dole rami ya fito a tsakiya daga sama har ƙasa, haka beril yake, yana da 'yan rijiyoyi a cikinsa da suka bi tsawonsa, kuma a cikinsu ruwa ke maƙalewa da sodiyam da siziyam. Wannan shine dalilin da yasa nauyin beril baya tsayawa a lamba ɗaya, in ka gwada shi da nauyin ruwa mai girmansa yana kamawa daga ninki wajen 2.63 har zuwa 2.9 gwargwadon baƙin da suka sauka a rijiyar, moganait shi yafi nauyi saboda siziyam. Af, akwai wata gardama ta malamai da zan ɗan taɓa, wasu suna cewa in ka lissafa beriliyam shima a matsayin tubali tunda shima oksijin huɗu ne suka kewaye shi, to ginin beril ya kama juna ta ko'ina kenan, ya cancanci a kai shi gidan su kwaz. Maganarsu da ƙamshin gaskiya, kuma tana bayyana dalilin da yasa yake da tauri haka, amma manyan tsare-tsaren rarraba ma'adinai guda biyu, na Dana da na Strunz, duk a gidan zobe suka ajiye shi, in jarabawa ce ka rubuta saiklosiliket ka wuce.

Launi kuma daga ina? Beril tsantsa bashi da launi sam. Ɗan mitsitsin baƙon ƙarfe ne ke shiga ya zauna a kujerar aluminiyam ko wani lungu sai launi ya fito, kamar ɗigon shuni a baho. Baƙin ƙarfe, wato ayon, shi ke bada shuɗin akwa in yana yanayi ɗaya, in yana ɗaya yanayin kuma ya bada ɗorawa, in duka biyun suka haɗu a dutse ɗaya sai shuɗi da ɗorawa su baka kore-kore mai haske. Manganis shi ke bada ruwan hoda, da kuma jan beril da ake samu a duwatsun Wah Wah a jihar Yuta ta Amurka wanda yana cikin mafi wuyar samu a duniya. Zumurrudu kuwa kuromiyam ne ko banadiyam ke bashi korensa. To nan fa gizo ke saƙar a tambayarka, domin kore iri biyu ne, akwai koren ayon akwai koren kuromiyam, na farko sunansa koren beril na biyu sunansa zumurrudu, kuma tazarar farashinsu kamar ta keke da mota ce.

Zaka ce me yasa zumurrudu ke wuya haka bayan beril na nan da yawa. Dalili shine beriliyam da kuromiyam basa cin kasuwa ɗaya. Beriliyam yana taruwa ne a ƙarshen dahuwar giranait, lokacin da narkakken dutse ya gama daskarewa sai ragowar ruwan zafi mai ɗauke da abubuwan da suka rasa wajen zama ya kutsa cikin tsagogi ya daskare a hankali ya fitar da manya-manyan ƙwayoyi, shi muke cewa fegmatait, farar jijiyar nan da 'yan haƙo ke bi mai kwaz da felsfa da faffaɗar maika. Kuromiyam kuma gidansa baƙaƙen duwatsu masu nauyi da suka taso daga can ƙarƙashi. Galibi sai an yi dace ruwan wannan ya ratsa jikin wancan kafin a samu zumurrudu, shi yasa wuraren ƙalilan ne, Muzo da Chibo a Kolombiya, yankin Kafubu a Zambiya inda mahaƙar Kagem take, Burazil, da tsohuwar mahaƙar Masar a hamadar gabas kusa da Bahar Maliya wadda aka haƙa tun zamanin Kiliyofatara.

Kuma kada ka ɗauka mai dutsenka tatsuniya yake da yace daga Gwantu ya fito. Gwantu a ƙaramar hukumar Sanga, da yankin Nasarawa Eggon, wurare ne da aka san su a rubuce da fitar da zumurrudu da koren beril da akwa, suna gefen duwatsun giranait ɗin nan matasa na yankin Jos waɗanda su ne suka bamu kuza. Duwatsun wajen suna fitowa da siffa mai kyau ƙwarai, dogaye garai-garai, sai dai da yawansu koren nasu mai haske ne da ɗan shuɗi-shuɗi saboda ayon na ciki tare da ɗan kuromiyam da banadiyam, har a shekarun 1990 aka yi ta ja-in-ja a kasuwar duniya kan ko za'a kira su zumurrudu ko koren beril. Wato gardamar da aka yi a gabanka tsakanin mai dutse da dillali, turawa masu na'ura ma sun yi irinta akan duwatsun wajen nan. Ni a ganina dillalin nan ko dai bai sani ba ko kuma ya sani sarai yana so ne ya karya farashi ya zagayo ta baya, na biyun yafi yawa.

Yanzu gwajin da zaka iya yi a shago. Fara da ido, ka samu ɗan madubin masu gyaran waya ko na masu agogo mai ƙara girma sau 10. Dubi dutsen ta kansa kamar kana leƙa bututu. Beril gefe shida ne miƙaƙƙu kuma kansa yawanci a shimfiɗe yake ba tsini kamar an yanke fensir da reza, in akwai zane a jikinsa to tsawonsa yake bi. Kwaz shima gefe shida ne amma kansa tsini ne kamar an feƙe fensir ɗin, kuma zanensa a kwance yake yana ratsa faɗi. Tomalin kuwa in ka duba kansa kamar kusurwa uku ce da ta kumbura, jikinsa duk zane-zane masu zurfi a tsaye, kuma in ka leƙa ta tsawonsa zaka ga yayi duhu sosai har wani baya wuce haske. Beril ma yana ɗan canza launi in ka juya shi, akwa ta wani gefen shuɗi ta wani gefen kusan fari, amma bai kai na tomalin ba.

Sai tauri. Akwai ma'aunin da wani Bajamushe Mohs ya tsara a 1812 daga 1 zuwa 10, farcenka 2.5, wuƙa da gilashi wajen 5.5, kwaz 7, tofaz 8, safaya 9, daimon 10. Beril yana tsakanin 7.5 da 8. Ma'ana wuƙa bata kama shi, ƙusa bata kama shi, shi kuma yana karce gilashi cikin sauƙi kuma yana karce kwaz. Ka nemi ɗan farin kwaz mai santsin fuska, ka ɗauki wani lungu na dutsenka wanda ba'a damu da shi ba, can gindin da ya karye, ka ja a kai da ɗan ƙarfi, sai ka shafe da yawu ka duba, in layin ya tsaya to ya karce, in ya goge to garin dutsenka ne ya zuba. Mutane da yawa a nan suke ruɗewa, su ga farin layi su yi murna basu shafe ba. Wannan gwajin shi ke fidda manyan 'yan kama guda biyu, fulorait mai taurin 4 wanda korensa ke da kyau kamar alewa amma wuƙa na yanka shi, da afatait mai taurin 5 wanda shima gefe shida ne sak kamar beril, sunansa ma daga kalmar Girka ta yaudara aka samo shi saboda yawan mutanen da ya ruɗa. Amma dan Allah kada kayi wannan gwajin akan dutsen da aka riga aka yanka aka goge, na ɗanye ne kawai.

Na uku nauyi, kuma wannan shi nafi so don baya ɓata komai. Ka je wajen masu saida gwal ka roƙi ɗan sikelinsu na dijital. Auna dutsen a bushe ka rubuta, muce ya baka giram 13.5. Sai ka ɗora ɗan kofi da ruwa akan sikelin ka danna ya koma sifili, ka ɗaure dutsen da siririn zare ka zura shi cikin ruwan ya nutse duka amma kada ya taɓa gindi ko gefen kofin, hannunka na riƙe da zaren, ka kaɗa shi kaɗan kumfar da ta maƙale ta tashi. Lambar da sikelin ya nuna ka rubuta, muce 5.0. Raba na farko da na biyu, 13.5 a raba da 5.0 ya baka 2.7, to kana unguwar beril. In ya baka wajen 3.0 zuwa 3.2 to tomalin ne ko fulorait ko afatait, in ya baka wajen 3.5 zai iya zama tofaz, wanda shine yafi shiga rigar akwa a kasuwar Jos don akwai shi da yawa fari da mai shuɗi-shuɗi, kuma shi tofaz yana tsagewa fal a kwance kamar an yanka sabulu, beril baya wannan tsagewar mai santsi, karyewarsa kamar ta kwalba ce ko gargada. Inda sikeli baya taimako shine tsakanin beril da kwaz, 2.65 da 2.7 sun yi kusa da yawa, a nan sai ka koma ga siffa da tauri. Kuma dutsen ya zama shi kaɗai ne ba manne da uwar dutse ba, in ba haka ba lissafin ya ɓaci.

Kwalba kuma fa, kada ka raina. Akwai shekarar da wani bawan Allah ya same ni har gida da yamma da ƙullin leda a aljihun gaba, ya kwance a hankali kamar mai kwance layar gado, guda huɗu kore shar masu gefe shida har da jar ƙasa a lungunansu, ya riga ya biya rabin kuɗi. Ina ɗorawa a kunci naji basu da sanyin nan na dutse, na saka madubi sai ga 'yan kumfa zagayayyu a ciki kamar na lemon kwalba, gefunan kuma duk da alamar dutsen wasa. Gindin kwalba ne aka goga aka tumurmusa a laka. Na ɗauki kwaz na ja a jikin ɗaya ya shige kamar a alli, mutumin yayi shiru ya daɗe yana kallon tabarma sannan yace in bashi ruwa ya sha. Zumurrudun gaske da wuya ka same shi ba datti a ciki, akwai 'yan tsagogi da ƙananan ramuka masu ruwa da kumfar iska har da ƙwayar gishiri a ciki, Faransawa lambu suke kiran wannan dattin, amma ramukan nasa masu kusurwa ne ko dogaye masu bin tsawon dutsen, ba zagayayyu masu yawo su kaɗai ba. In aka kawo maka kore shar, babba, tas ba ɗigo, kuma da araha, to ka riƙe aljihunka, ko kwalba ne ko kuma na masana'anta ne don tun shekarun 1930 ake ƙera zumurrudu a lab.

Abu biyu kada ka yarda ayi a gabanka, guduma da wuta. Wannan maganar ta cewa dutse mai daraja baya fashewa in an doke shi ƙarya ce da ta jawo asara ba kaɗan ba, tauri daban juriya daban, tauri shine ƙin karcewa kawai, daimon kansa in ka sa masa guduma garin banza zaka kwasa. Zumurrudu ma yafi sauran 'yan uwansa saurin fashewa saboda tsagogin nan, shi yasa ake jiƙa shi da mai don su ɓuya, kuma shi yasa aka ƙirƙiro masa yanka na musamman mai kusurwa huɗu da aka daddatse ƙuryoyinsa. Wuta kuma ruwan da ke cikin ramukan zai faɗaɗa ya tarwatsa dutsen. Gaskiya ne ana gasa akwa, masu sana'ar suna kai koren beril na ayon zuwa zafin wajen digiri 400 a murhu na musamman sai ɗorawar ta gudu shuɗin ya zauna, kuma yawancin akwan da ke kasuwar duniya an musu haka, amma wannan aikin masu na'ura ne a hankali ake hawa a hankali ake sauka, ba na gawayin mai shayi ba. Kuma lura, koren kuromiyam baya gudu da wannan zafin, na ayon ne ke juyewa, wannan ma wani bambancin ne tsakanin biyun.

In gwajin nan uku sun nuna beril ne, to saura tambayar kuɗi, koren na waye, ayon ko kuromiyam, kuma wannan ido da sikeli basa yanke ta, sai na'ura. Mu a Kaduna Allah ya hutar damu tafiya, babban lab ɗin hukumar binciken ƙasa ta Najeriya a nan garin yake, ga sashen ilimin ƙasa na ABU a Zariya, ga kuma cibiyar ma'adinai a Jos. Sai dai ka faɗa musu tun farko cewa dutsen ado ne kana son gwajin da ba'a niƙawa, don wasu gwaje-gwajen sai an mayar da samfur gari, ko ka basu ɗan ɓallin da ya karye daga gindi. Wanda ya san duwatsun ado zai auna yadda yake karya haske, beril na bada wajen 1.57 zuwa 1.60, wannan lambar kaɗai ta raba shi da kwaz da tomalin da tofaz a minti biyu. Ko bayan an ga kuromiyam ɗin ma sai koren ya kai wani zurfi kafin manyan masu saye su yarda su kira shi zumurrudu, mai haske-haske koren beril zasu ce ko da takarda a hannunka, kasuwa kenan.

Wanda dillalin ke nufi da beril kawai shima akwai shi, shine wanda haske baya ratsa shi, fari-fari ko kore-kore kamar sabulun wanki, shi a buhu ake saida shi da kilo ba da karat ba, karat ɗaya kuwa kashi ɗaya cikin biyar na giram ne. Irin wannan yakan yi girma na ban tsoro, a Madagaska an samu guda ɗaya mai tsawon mita 18. Ana sayensa ne don a ciro beriliyam, ƙarfen da wani Bafaranshe Bokelan ya gano a 1798 daga cikin beril da zumurrudu, kuma binciken nasa ne ya tabbatar da cewa su biyun abu ɗaya ne. Ƙarfe ne mara nauyi mai ƙarfi, ana gauraya shi da tagulla, ana tagar na'urar hoton ƙashi da shi, madubin na'urar hangen sararin samaniya ta James Webb ma da shi aka yi. Riƙe dutsen a hannu ba komai, amma ƙurarsa in ana niƙa ko gogewa a bushe tana da illa ga huhu, ita da ƙurar kwaz ɗin da ke tare da shi, don haka yaran da ke fasa shi su riƙa jiƙawa da ruwa su rufe hanci.

Ka sa tocilar waya a gindin dutsen naka a ɗaki mai duhu, in hasken ya ratsa ya fito ta kai to ba na buhu bane, ko me dillali zai ce. Daga nan kayi gwajin kwaz da na sikelin ka turo min lambobin biyu da hoton kansa ta sama, a hasken rana zaka ɗauka akan farar takarda ba ƙarƙashin fitilar shago ba, kuma kada ka shafa masa mai ko ruwa kafin hoton. Sannan ka tambayi abokin naka ko yana da takardar izinin saye da riƙe ma'adinai, don dokar ma'adinai ta 2007 ta tanadi haka, kuma hanyar Gwantu zuwa Kaduna shingaye ne da yawa.